Yaƙin basasar Amurka: bauta ce ta haddasa shi, ko 'yancin jihohi?

Ɗan_Zango:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Lokacin da nake shirin jarrabawar zama ɗan ƙasa a nan Amurka, cikin tambayoyi 100 da aka ba mu mu haddace akwai wadda ta ce ka faɗi matsala ɗaya da ta jawo yaƙin basasa. Amsa uku aka jera: bauta, tattalin arziki, 'yancin jihohi. Duk wadda ka faɗa an karɓa. Ni dai bauta na riƙe na wuce. To jiya a wurin aiki wani Bature mutumin Kudu, wanda muke mutunci da shi ƙwarai, ya ce mini kakan kakansa ya yi yaƙin nan kuma bai taɓa mallakar bawa ko ɗaya ba. Ya ce abin da suka yi wa yaƙi shi ne kada gwamnatin tarayya ta danne jihohinsu. Maganar ta tsaya mini a rai, don ban ga alamar ƙarya a fuskarsa ba. Masana, ina gaskiyar take?

Malam_Tarihi:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Waɗanda suka ɓalle ba su bar mu cikin duhu ba, sun rubuta dalilansu da hannunsu. Karolina ta Kudu ce ta fara ficewa ranar 20 ga Disamba 1860, makonni kaɗan bayan an zaɓi Abraham Linkon, kuma bayan kwana huɗu ta fitar da takardar bayanin dalilinta. Misisipi da Jojiya da Teksas su ma sun fitar da nasu. Ta Misisipi ko kwana-kwana ba ta yi ba, tun a farkonta ta ce matsayinsu a ɗaure yake da bauta, har ta kira bauta dukiya mafi girma a duniya.

Amma abin da nake so ka lura da shi a takardar Karolina shi ne kukan da take yi. Babban kukanta ba danniyar tarayya ba ne. Ƙarar jihohin Arewa ta kai, ta jero sunayensu sama da goma, ta ce sun kafa dokokin da ke hana a kamo gudajjun bayi a mayar wa iyayengijinsu. Har Niyok ta ambata, cewa ba ta yarda mutum ya ratsa ta da bawansa. Ka ga ke nan a wannan gaɓar Arewa ce ke cewa jiharmu tana da ikon yin dokarta, Kudu kuwa tana cewa tarayya ta tilasta musu.

Garba_Kantin_Kwari:
Malam, ban ƙi taka ba, amma ni a ganina kowane yaƙi in ka tona za ka tarar da kuɗi a ƙasa. Arewa masana'antu gare ta, tana son a tsauwala kuɗin fito a kan kayan Ingila. Kudu manoma ne, auduga suke fitarwa su sayo kaya daga waje, harajin su yake ci. Ai har sun kusa ba hammata iska a kan wannan tun kafin Linkon.

Malam_Tarihi:
Alhaji Garba, gaskiya ne an yi wannan rigimar, amma a 1832 zuwa 1833 ne, zamanin shugaba Andrew Jackson, lokacin da Karolina ta Kudu ta ce dokar kuɗin fito ba za ta yi aiki a cikinta ba. Ka san jihohi nawa suka bi ta? Ko ɗaya. Aka sasanta aka rage harajin. Zuwa 1857 an sake rage shi ya yi ƙasa sosai, da goyon bayan 'yan majalisar Kudu. Dokar da ta ɗaga shi kuwa sai a Maris 1861 aka sa mata hannu, bayan jihohi bakwai sun riga sun fice, yawancin sanatocinsu sun bar kujerunsu.

Hajiya_Mai_Lissafi:
Alhaji Garba, kuɗin da kake magana ai su ne bayin. Ƙidayar 1860 ta nuna bayi kusan miliyan 4 cikin mutum miliyan 31. A Karolina ta Kudu da Misisipi bayi sun fi 'ya'ya yawa. Auduga ita kaɗai ta haura rabin darajar abin da Amurka ke fitarwa waje, kuma wa ke noma ta, wa ke tsinke ta? Da bawa ake jinginar bashi a banki, shi ake rabawa a gado, shi ake sayarwa in bashi ya ci mutum. In ka ce tattalin arziki, ba ka bar bauta ba, suna kawai ka sake mata.

Sadauki_77:
Ni fa ban yarda da wannan wanke Arewa da ake yi ba. Linkon da bakinsa ya ce ba shi da niyyar taɓa bauta a jihohin da take, a jawabinsa na kama mulki ranar 4 ga Maris 1861. A Agusta 1862 ya rubuta wa ɗan jarida Horace Greeley cewa burinsa ceto tarayya ne, in zai cece ta ba tare da ya 'yanta bawa ko ɗaya ba zai yi, in sai ya 'yanta duka zai yi. To ta yaya za a ce yaƙin 'yanta bayi ne? Sannan jihohi huɗu masu bayi, Kentaki da Meriland da Mizuri da Delawaya, suna ɓangaren Arewa har aka gama. Shelar 'yanci ta 1 ga Janairu 1863 ma ba ta shafe su ba.

Binta_Zazzau:
Yaya Sadauki, duk abin da ka kawo haka yake, amma tambaya biyu ka haɗa wuri ɗaya. Me ya sa Kudu ta ɓalle daban, me ya sa Arewa ta ɗauki makami daban. Arewa ta shiga ne don kada ƙasa ta tsage, 'yanta bayi daga baya ya shigo. Kudu kuwa ta fita ne don tsare bauta. Ba sai Linkon ya zama waliyyi ba kafin wannan ya tabbata.

Sadauki_77:
To ƙanwata, in har ya yi musu alkawarin ba zai taɓa bayinsu ba, me suke tsoro? Wannan ai yana nuna akwai wani abu daban.

Binta_Zazzau:
Sabbin yankunan Yamma suke tsoro. Jam'iyyar Linkon an kafa ta ne a kan magana ɗaya: bauta ta tsaya inda take, kada ta shiga yankunan da ba su zama jihohi ba tukuna. Kowace sabuwar jiha tana zuwa da sanata biyu. In duk sababbin suka shigo ba bauta, wata rana masu bayi za su zama 'yan tsiraru a majalisar dattawa, har a kai ga iya gyara tsarin mulki ba da su ba. Wannan rigimar ce tun 1820 da aka ja layi a kan shigar Mizuri, ita ce ta 1850, ita ce ta 1854 da ta sa aka yi ta zubar da jini a Kansas. Ita ce ta sa a 1856 ɗan majalisa Preston Brooks ya shiga zauren dattawa ya yi wa Sanata Charles Sumner dukan kawo wuƙa da sanda. Bayan zaɓe an kawo shawarar sulhu ta Sanata Crittenden, a maido da tsohon layin har zuwa teku, kudu da shi bauta ta ci gaba. Linkon ya ƙi wannan, duk da ya sassauta a wasu abubuwan. Kuma ka tuna ya ci zaɓe da kusan kashi 40 cikin 100 na ƙuri'u, a yawancin jihohin Kudu ko ƙuri'arsa ba a raba ba. Sun ga ke nan ana iya naɗa shugaba ba tare da su ba.

Lauya_Mai_Gemu:
Bari in ƙara a kan abin da Malam_Tarihi ya fara, don nan ne maganar 'yancin jihohi take rushewa a wurina. Dokar kamo gudajjun bayi ta 1850 tana daga cikin dokokin da suka fi ba tarayya ƙarfi a kan jihohi a wancan zamani, kuma Kudu ce ta nema. Jami'in tarayya ne ke yanke hukunci, ba masu taya alƙali hukunci, wanda aka kama kuma ba shi da bakin ba da shaida a kan kansa. In jami'in ya miƙa shi ga mai da'awa a biya shi dala 10, in ya sake shi dala 5. Ana iya tilasta wa mutumin gari ya taya kamu. A 1854 sai da aka zuba sojojin tarayya a titunan Boston don a raka mutum ɗaya, Anthony Burns, zuwa jirgin ruwan da zai mayar da shi Bajiniya. Da jihar Wiskonsin ta ce dokar ta saɓa wa tsarin mulki, Kotun Ƙoli ta ture hukuncinta a 1859, ba mu ji Kudu ta yi wa Wiskonsin kuka ba. Haka shari'ar Dred Scott ta 1857, da Alƙalin Alƙalai Roger Taney ya ce baƙar fata ba ɗan ƙasa ba ne kuma majalisa ba ta da ikon hana bauta a yankuna. Murna suka yi.

Sai kuma kundin da su 'yan awaren suka rubuta wa kansu. Kusan kwafin na Amurka ne, amma sun sa a fili cewa ba za a yi dokar da za ta tauye haƙƙin mallakar bayi baƙaƙe ba, cewa duk yankin da suka samu dole a kare bauta a cikinsa, cewa mai bawa yana da ikon shiga kowace jiha da bawansa. Wanda ya fita don jiha ta yi abin da take so, me ya sa ya ɗaure hannunta a wannan abu guda?

Umman_Khalifa:
Dala 10 da dala 5. Innalillahi. Wannan kaɗai ya ishe ni baƙin ciki yau.

Direban_Tirela:
Ɗan_Zango, abokin aikinka ba shi kaɗai ba ne. Shekara shida ina jan babbar mota tsakanin Jojiya da Teksas, na ga tutar nan ta 'yan awaren Kudu a jikin motoci da ƙofar gidaje ba iyaka. Kusa da Atlanta akwai wani ƙaton dutse da aka sassaƙa hotunan Jefferson Davis, shugaban 'yan aware, da manyan kwamandojinsu Janar Lee da Janar Stonewall Jackson a jikinsa, iyalai na zuwa shaƙatawa. Wata rana taya ta fashe mini da dare, wanda ya tsaya ya taimake ni da tutar a motarsa, ko kwabo bai karɓa ba. Muna hira ya ce shi gadon kakanni yake girmamawa. Amma abokin tuƙina baƙar fata ɗan Alabama ya ce mini shi in ya ga tutar, abin da kakarsa ta ba shi labari yake tunawa, ba ya ko tsayawa shan mai a wurin. Duka biyun na zauna da su, kuma ban ga wanda ke wasa da maganarsa ba.

Sadauki_77:
Yawwa. Wannan shi ne abin da nake nufi. Yawancin sojojin Kudu talakawa ne, ba su da bayi. Za ka ce mutum ya ba da ransa don dukiyar wani?

Malam_Tarihi:
Sadauki, dalilin da ya sa soja ya fita fage ba lallai ya zama dalilin da ya sa aka buga tambarin yaƙi ba. Wani an shigo garinsu ne, wani abokansa sun tafi kunya ta hana shi zama, wani kuma dole aka yi masa, don gwamnatin 'yan aware ta kafa dokar tilasta shiga soja tun Afrilu 1862. A Oktoba na shekarar suka ƙara cewa gandun da ke da bayi 20 za a ɗage wa Bature ɗaya ya zauna ya tsare su. Talakawan Kudu da kansu suka riƙa cewa yaƙin masu kuɗi ne, talaka ke mutuwa.

Sannan a yi hattara da lissafin nan na cewa kaɗan ne ke da bayi. In ka ƙirga mutum ɗaiɗai har da mata da yara, adadin zai yi ƙanƙanta, tunda maigida ne ke riƙe da dukiya. In ka ƙirga gidaje, a Misisipi da Karolina ta Kudu kusan rabin gidajen 'ya'ya akwai bawa. Wanda ba shi da shi kuma yana haya, ko yana aikin tsaron gandu, ko yana burin saye. Kakan abokin Ɗan_Zango mai yiwuwa ne bai mallaki kowa ba, kuma ya yi yaƙi da zuciya ɗaya don garinsu. Amma ba shi ya zauna a taron da aka yanke shawarar ficewa ba.

Nazir_BUK:
Malam, a yi wa ɗaya ɓangaren adalci kaɗan. Bajiniya da Tenesi da Akansas da Karolina ta Arewa ba su fita da aka zaɓi Linkon ba. Taron Bajiniya ma a farkon Afrilu 1861 ya ƙi ficewa. Sai da aka yi harbi a sansanin Sumter ranar 12 ga Afrilu, Linkon ya nemi sojan sa-kai 75,000, sannan suka juya. Su aƙalla ana iya cewa batun ko tarayya na da ikon tilasta wa jiha da bindiga ne ya ture su.

Malam_Tarihi:
Wannan gyara ne mai kyau, na karɓa. Tambayar ko jiha na da ikon fita tambaya ce ta gaske, tsarin mulkin bai yi magana a kanta ƙarara ba, sai bayan yaƙi Kotun Ƙoli ta ce babu wannan ikon a 1869. Abin da zan ƙara kawai: da aka ce kowa ya zaɓi gefe, babu jiha marar bayi ko ɗaya da ta bi su. Bajiniya ita ta fi kowace jiha yawan bayi. Yankinta na duwatsu a yamma, inda bayi ba su da yawa, ƙin bi ya yi, har ya zama jiha mai zaman kanta a 1863.

Ɗan_Maradi:
Ni duk wannan ya tuna mini da na Najeriya. Wasu su ce Aburi ne da rabon iko, wasu su ce kashe-kashen 1966 ne, wasu su ce man fetur. Kowa da inda yake fara ƙirga.

Lauya_Mai_Gemu:
Ɗan_Maradi, don Allah a bar wannan a buɗe masa nasa zaren, in muka shiga ba za mu fito ba. Kuma ba su yi kama sosai ba. A Amurka ba a yi wa 'yan Kudu kisan kiyashi ba kafin su fita, zaɓe kawai suka faɗi.

Gimbiya_Katsina:
Ni abin da ke damuna daban ne. Muna ta ƙirga bayin Amurka, laifi tudu ne. A ƙasarmu ma an yi rinji da kuyangi da cucanawa, an yi kasuwar bayi, kuma sai 1936 aka soke bautar gaba ɗaya a Arewacin Najeriya. Har yau akwai gidan da in an zo neman aure sai an tono asali. Kakata ta rasu tana faɗa mana sunan garin da aka kamo uwarta, ba ta taɓa ganinsa ba. Shi ya sa in na ji ana cewa ai ba bauta ba ce, wani abu ne, sai in ji kamar ana share mutanen ne daga labarinsu.

Umman_Khalifa:
Allah ya jiƙan kaka, 'yar'uwa. Kin faɗi abin da da yawa ba sa son a faɗa.

Nazir_BUK:
Amin. Tunda an zo nan, akwai ɗan ƙasarmu da ya yi wannan yaƙin. Muhammad Ali ɗan Sa'id, wanda aka fi sani da Nicholas Said, haifaffen Kukawa a Borno. An kama shi yana yaro, aka ƙetara Sahara da shi zuwa Tarabulus, ya bi ta Istanbul da Rasha da Turai, ya isa Amurka yana ɗa. A 1863 ya shiga runduna ta 55 ta Masacusets, ta baƙaƙen fata. Baƙaƙe kusan 180,000 ne suka sa kakin sojan Arewa, da yawansu gudowa suka yi daga gandaye. Su ba su yi shakkar abin da ake yaƙi a kansa ba.

Garba_Kantin_Kwari:
Ikon Allah, Babarbare a yaƙin Amurka. To Malam, in abin a fili yake haka, daga ina maganar 'yancin jihohi ta samo ƙarfi har ta shiga takardar jarrabawa?

Malam_Tarihi:
Daga bakin waɗanda aka ci da yaƙi, Alhaji. Dubi Alexander Stephens, mataimakin shugaban 'yan aware. Ranar 21 ga Maris 1861 a birnin Sabana na Jojiya ya tsaya gaban jama'a ya ce harsashin sabuwar gwamnatinsu shi ne baƙar fata ba daidai yake da Bature ba, bauta ce matsayin da ya dace da shi. Ya ma ce waɗanda suka kafa Amurka sun yi kuskure da suka ɗauka mutane daidai suke. Bayan an sha kaye, an soke bauta da gyara na 13 na tsarin mulki a 1865, shi wannan mutumin ya zauna ya rubuta manyan littattafai yana cewa rigimar ta tsarin mulki ce, tsakanin masu son tara iko a tsakiya da masu son jihohi. Jefferson Davis ma haka ya yi. Daga baya ƙungiyar 'ya'ya mata na tsofaffin sojojin Kudu, da aka kafa a 1894, ta dage wajen kafa mutum-mutumi da sa ido a kan littattafan makaranta. Yawancin gumakan nan a farkon ƙarni na 20 aka kafa su, daidai lokacin da ake ƙwace wa baƙaƙe ƙuri'a. Yaro ya tashi ya karanta a aji, ya ji a gida, ya gani a dandalin gari. Abokin Ɗan_Zango abin da aka koya masa yake faɗa.

Sadauki_77:
Na ji, kuma maganar Stephens ba ni da amsarta. Amma har yanzu ina nan a kan cewa Arewa ba don son baƙar fata ta yi ba. Masaƙun Arewa da bankunan Niyok sun ci arzikin audugar nan. A Yuli 1863 a Niyok ɗin aka yi tarzoma kan shiga soja, aka bi baƙaƙe ana kashewa, har gidan marayunsu aka ƙona. Kada a mayar da shi labarin mutanen kirki da mugaye.

Binta_Zazzau:
A nan ba mu da saɓani, Yaya. Ba wanda ya ce Arewa tsarkakakkiya ce. Tambayar Ɗan_Zango dai ita ce me ya tsaga ƙasar.

Hajiya_Mai_Lissafi:
Wani abu da ya tsaya mini: da yaƙi ya ci su, aka kawo shawarar a ba bayi bindiga, Howell Cobb na Jojiya ya ce in har bawa zai iya zama sojan kirki, to duk hujjarsu ta bauta kuskure ce. Sai a Maris 1865 suka amince, saura 'yan makonni Janar Lee ya miƙa wuya. Mutum sama da 600,000 sun mutu kafin nan.

Ɗan_Zango:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya ƙara sani. Na nemo takardar Karolina da ta Misisipi a intanet, gajeru ne ashe, zan buga su in kai masa ranar Litinin mu karanta tare lokacin hutun cin abinci. Abin da nake tunani shi ne yadda zan fara maganar ba tare da ya ji kamar kakansa nake zagi ba. Direban_Tirela, kai da ka daɗe a cikinsu, ta ina ake shiga?

Direban_Tirela:
Ka fara tambayarsa labarin kakan, a wace runduna ya yi, ko ya dawo gida da rai. Suna son a tambaye su wannan. Ka bar takardun a aljihu tukuna, sai ya gama.